Ƙwayar da Na Hana Yaya Kande

Bayan mun wuce Gatrun a ƙasar Libiya, a wani shinge da masu bindiga suke tare motoci, aka sauke mu aka ce kowa ya zazzage jakarsa a ƙasa. Rana ta take. Ɗaya daga cikinsu ya riƙa tona kayana da bakin bindiga har ya kai ga ƙullin zanen da na naɗe kwalayen maganina a ciki. Ya ɗaga su sama yana faɗa da Larabci. Direbanmu, wani Batube mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya ce mini, "Ya ce tramol kika ɗauko."

Na ce ba tramol ba ne, maganin mata ne. Aka ce wane irin maganin mata. Wurin cike yake da maza, wasu sa'o'in ƙannena, wasu sun haife ni, duk sun zuba mini ido. Haka na buɗe baki na faɗa: an yi mini aiki a Maraɗi, an cire mini mahaifa, wannan ƙwayar ita ke riƙe da jikina. Direba ya fassara yana kallon ƙasa. Mai bindigar ya saki kwalayen kamar ya taɓa ƙazanta, ya taka wasu da takalminsa ya wuce. Na tsince abin da ya tsira daga cikin rairayi. Wajen rabi ya zama gari.

Sunana Mariama, mutuniyar Tasawa. Mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu. Ban daɗe da fita takaba ba aka gano ƙari a cikina, kuma da aka buɗe sai likitoci suka ga dole a cire mahaifar da jakunkunan ƙwai gaba ɗaya. Ban kai arba'in ba a lokacin. Ɗinki bai gama warkewa ba wani zafi ya fara taso mini daga ƙirji zuwa fuska, kamar an buɗe mini bakin tanda, gumi ya jiƙa ni sharkaf, barci ya ƙaurace. Likitar da ta duba ni, wata mace mai haƙuri, ta ce jikin mace yana da wani sinadari da yake yi da kansa. Idan shekarun ɗaukewar al'ada suka zo yakan ragu a hankali, ni kuwa an yanke mini shi rana ɗaya. Akwai ƙwayar da ke maye gurbinsa. Amma kafin ta rubuta mini sai da ta yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ko ƙafata ta taɓa kumbura, ko jini ya taɓa daskare mini a jijiya, ko akwai ƙullutu a nonona ko na mahaifiyata, ko hanta ta taɓa damuna. Ta auna tansiyona, ta duba ko ina da hawan jini. Sannan ta ce, "Wannan naki ne ke kaɗai. Mace mai mahaifa ba a ba ta shi shi kaɗai, sai an haɗa mata da wani mai kare mahaifar. Wadda jini ya taɓa daskare wa kuwa, yana iya kashe ta. Ko uwarki ta roƙe ki, ki kawo ta nan."

Da wannan magana a kunnena da rabin magani a jaka na shiga Sabha.

A unguwar Mahdiya aka sauke mu, kusa da wani garejin walda. Matar da ta yi mini alkawarin aiki tun ina gida, lambarta ta daina shiga. Na zauna jikin bango daga hantsi har inuwa ta juya. Can gaba da ni ƴan ƙwadago ne zaune a gefen titi, kowa ya ajiye kayan aikinsa a gabansa, wannan shebur, wancan guduma, wani burushin fenti, suna jiran motar da za ta tsaya ta ɗebi mutane. Wata mata mai jiki, ta haura hamsin, tana zuba musu shinkafa da wake daga cikin kula. Da ta sallame su ta zo ta tsaya a kaina.

"Ke ƴar ina ce?"

"Tasawa."

"Wa kike jira?"

Na faɗi sunan matar. Ta yi tsaki. "Ba ke ce ta farko ba. Tashi ki ɗauki kular nan."

Ita ce Yaya Kande, mutuniyar Matamaye. Ta daɗe a Sabha tana dafa wa ƴan ƙwadago abinci. Ɗakinta ɗaya ne cikin wani gida marar filasta inda mata baƙi suke haya, yawancinsu mutanen Kance da Matamaye, sai wata Bakanuwa mai suna Barira da ke yin kitso. Yaya Kande ta shimfiɗa mini tabarma kusa da katifarta, ba ta tambaye ni komai ba. Ita ta koya mini yadda ake gane harbin biki da harbin faɗa, da titin da ba a bi bayan la'asar, da kalmomin Larabcin da ake sayen albasa da su. In an ɗauke wuta famfo ya tsaya, tare muke yawon neman ruwa. Ina wanke-wanke, ina yankan albasa, ina kai abinci bakin titi. Na samu uwa a inda ban zata ba.

Ban daɗe ba na lura da abin da ke damunta, don na san shi a jikina. Tana cikin tuƙa tuwo sai ta saki muciya, ta fizge ɗankwali, ta kwara wa kanta moɗar ruwa. Wuyanta ya yi sharkaf. Da safe idanunta jajur, ta ce ba ta runtsa ba. Abu kaɗan ta hau faɗa, faɗan ya wuce ta zauna tana kuka tana ba mutane haƙuri. Matan gidan suka ce iska ce. An yi mata turare, an yi rubutu, ta sha jiƙe-jiƙen da ake kawowa daga gida. Babu abin da ya canja.

Wata safiya ta gan ni ina haɗiyar ƙwayata.

"Wannan fa da kike sha kullum, na mene ne?"

Na gaya mata komai. Ta ajiye wuƙar da ke hannunta.

"Kina nufin wutar nan tana da magani? Kina kallona ina ƙonewa, magani na ƙarƙashin tabarmarki?"

"Yaya, al'adarki ta ɗauke?"

"Ta fi shekara."

"Ƙafarki ta taɓa kumbura?"

Ta ce ta taɓa, bayan haihuwar autarta. Ƙafar hagu ta yi kamar turmi, har aka kwantar da ita a Damagaram ana yi mata allura a ciki, aka ce jini ne ya daskare. "Amma wannan tsohon zance ne. Yarinyar har ta yi aure."

Na ce mata ba zan iya ba ta ba, na maimaita mata abin da likita ta ce, na roƙe ta mu nemi asibiti.

"Wane asibiti? Da wace takarda? Kin san inda ake kai wanda aka kama ba takarda? Ko so kike in tsaya gaban namiji Balarabe in yi masa bayanin al'adata da hannu?"

"Zai iya kashe ki, Yaya."

"Ke bai kashe ki ba." Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Na ɗauko ki a bakin titi. Na ba ki tabarma, na ba ki tuwo. Ki ce dai kaɗan ya rage miki, ba ki son ya ƙare. Wannan zan fahimta."

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne kaɗan ɗin ya rage da gaske, don haka duk rantsuwar da na yi sai ta yi kama da rowa. Ba ta kore ni ba. Daina yi mini magana ta yi. In tana son in ɗauko ruwa sai ta ce wa Barira, "Gaya wa mai ƙwaya." Sunan ya bi ni a gidan. Da Barira ta ji ana neman ƴar aiki a unguwar Manshiya, ita da kanta ta ce gara in tafi.

Gidan Manshiya na wata tsohuwa ne da kowa ke kira Hajja, mai ciwon suga, tana zaune da ɗanta da ƴarta Salma, malamar makaranta. Ɗan ya karɓe katin shaidata ya ce zai ajiye mini. Ƙofa a kulle take sai ranar Juma'a da rana. Albashi kuwa kullum sai a ce banki babu kuɗi. Ban taɓa sanin shiru yana ciwo ba sai a gidan nan. Babu ƙarar taɓarya, babu kukan akuya, babu mai yi maka sannu da harshenka. Ina goge tayil ina rera waƙar da nake yi wa ƴata in ina mata kitso, sai in ga hawaye na ɗiga inda na goge.

A nan maganina ya ƙare. Zafin ya dawo da ƙarfinsa, gaɓoɓina suka yi tsami, kaina ya zama kamar an cusa auduga. Na fara manta gishiri, na fasa kofuna. Wata rana ina miƙa wa baƙin Hajja shayi sai abin ya taso. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓata cikin tire. Wata baƙuwa ta janye ƙafarta ta rufe hanci da mayafi, na ji kalmar da na riga na sani, wadda ke nufin cuta. Da baƙin suka tafi ɗan Hajja ya nuna mini ƙofa, ya ce in haɗa kayana kafin in shafa wa uwarsa.

Hajja ta kira ni da hannu. Ta taɓa wuyana, ta taɓa goshina, ta nuna cikina da alamar tambaya. Na ɗaga riga kaɗan na nuna mata tabon aiki. Ta gyaɗa kai, ta daki ƙirjinta, ta yi firfita da hannu, wato ita ma ta ga wannan. Ta juya ta yi wa ɗanta magana ɗaya, ya fita. Washegari Salma ta sa ni a mota ta kai ni wani ƙaramin asibiti a unguwar Hajara.

Likitar ƴar Sudan ce, kuma akwai wata ma'aikaciya ƴar Cadi mai jin Hausa da ta fassara mana. Babu wanda ya tambaye ni takarda. Tambayoyin da aka yi mini a Maraɗi su aka sake yi mini, har na kusa yin dariya. Ta duba nonona, ta auna tansiyo, ta ce ya ɗan hau, don haka ba za ta mayar da ni kan ƙwaya ba. Ta rubuta mini irin wanda ake shafawa a fata, ta ce shi bai kai na haɗiya haɗarin daskarar da jini ba, ta ce in riƙa dawowa ana dubawa. Na yi mata zancen Yaya Kande. Ta ce, "Kada ta kusanci ƙwayar. Ki kawo ta. Akwai abin da za a iya yi mata."

Ranar Juma'a na nufi Mahdiya ina sauri kamar mai kai albishir.

Tun daga ƙofa na ji dariyarta. Na same ta tana tankaɗe, fuskarta fes, ta yi lalle.

"A'a, mai ƙwaya ce? Shigo, ƙanwata, na huce. Zauna ki ci."

Ashe tun ina gidan ta tsinci wani kwalina da ya ƙare a cikin shara ta ɓoye. Ta kai wa wani mai tebur a kasuwa, wanda ke sayar da magunguna tare da batir da sabulu, shi kuma ya samo mata. Bai tambaye ta komai ba. Ya ce ma in tana son ya yi saurin aiki ta sha safe da yamma.

"Ina barci kamar jaririya," in ji ta. Ta matso ta rage murya. "Har jini ya ɗan dawo. Kin ga na koma budurwa."

Na janye hannuna daga tuwon. Na ce mata jinin nan ba alheri ba ne, na ce ta daina sha yau ɗin nan. Na gaya mata na samu likita mace ƴar Sudan, da mai fassara, kuma ba a tambayar takarda.

"Kin san yadda na daɗe ban ji ni mutum ba ce?" Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ki bar ni in ɗan huta, Mariama. Zan je, na yi miki alkawari. Amma jibi za a kai ni wata gona can wajen gari in dafa wa masu girbi. In na dawo sai ki kai ni wurin Sudaniyar taki."

"Ki bar ƙwayar a nan, to."

"Kina so in ƙone a gona?"

Na kama hannunta na roƙe ta da girman Allah. Ta zare hannun a hankali ta ƙara mini miya.

Gonar tana da nisa, kuma a bayan motar ɗaukar kaya aka kai su aka dawo da su, a takure tsakanin buhuna, ƙafa a naɗe tun safe har yamma. Wata ranar Talata wajen azahar Barira ta kira ni.

"Ki zo. Ƙafar Yaya ta kumbura tun da ta dawo, yau kuma numfashi na yi mata wuya."

Na nuna wa Hajja wayar ina kuka, ta miƙo mini makulli.

Na same ta kwance a tsakar gida. Ƙafar hagu ta yi suntum, tana sheƙi, da zafi kamar an ɗauko ta daga wuta. Tun da ta dawo matan suke gasa mata ita da ruwan zafi, suna murza ta da man zafi, don sun ɗauka targaɗe ne. Ba su yi da mugunta ba. Na ce su daina taɓawa, a nemo mota. Masu tasi biyu suka tsaya, suka leƙa suka ga baƙar mace kwance tana haki, suka ja motarsu. Wani magini mutumin Mirriya, cikin waɗanda take ciyarwa, shi ya ɗauko motar maigidansa ba tare da ya tambaya ba. Muka ɗora ta a baya, na tallabe kanta a cinyata, Barira na yi mata inuwa da mayafi.

"Ƙirjina, Mariama," ta ce. "Kamar an soka wuƙa."

"Mun kusa, Yaya."

"Wake na kan wuta. Ki ce a sauke."

Ta yi tari, na ga jini a gefen bakinta. Barira ta fara laƙƙana mata kalmar shahada, ta karɓa sau ɗaya a fili, sannan leɓunanta kawai ke motsi. A ƙofar babban asibiti ma'aikata suka fito da gudu da gado, suka shiga da ita, suka yi iya yinsu. Ba a daɗe ba wani likita ya fito ya ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu.

Ƴan ƙwadagon da take ciyarwa su suka yi mata sallah, suka kai ta maƙabartar da ake binne baƙi. Mu mata muka zauna a tsakar gida. Ina ji wata daga bayana tana cewa da na ba ta nawa mai kyau, da ba ta je ta sayi jabu a kasuwa ba. Babu wadda ta tanka mata, babu kuma wadda ta musa. Maganar ta zauna mini a ƙirji har na kwashi ragowar ƙwayoyin Yaya Kande na kai wa likitar nan ta Hajara. Ta juya kwalin, ta duba, ta ce ba jabu ba ne. Shi ne ainihin irin wanda nake sha a da. Na koma na gaya wa matan. Wasu sun yarda. Wadda ta yi maganar ta ce ai dole in faɗi haka.

Barira ce ta ce ni ya kamata in kira gida in yi wa Hassana, ƴar Yaya Kande, bayani, tunda a cinyata ta cika. An riga an sanar da su rasuwar. Na kira da rana daga ɗakin girkin Hajja. Muka yi gaisuwa, muka yi kuka, sannan ta ce, "Tanti, me ya same ta? Kwanan nan ta kira ni tana dariya. Ta ce ta samu lafiya, ta ce Libiya akwai magani. Har ta aiko wa Inna Hajo da shi."

Na ce, "Wace ce Inna Hajo?"

"Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma zafin nan ke damunta. Wani direba ya kawo saƙon, ni na kai mata ƙauye da hannuna."

"Ta fara sha?"

"Ban sani ba. Babu rezo a can, waya ba ta shiga."

"Hassana, ki tashi yanzu ki je ki karɓe shi. Kada ta ƙara haɗiyar ko ɗaya sai likita ya gan ta. Shi ya kashe uwarki."

Ina jin hayaniyar masu zaman makoki a bayanta. "Tanti, gida cike yake da mutane. Ita ma Inna Hajo gobe za ta zo gaisuwa."

"Ba gobe ba. Ki hau mashin."

Ban kashe wayar ba sai da na ji ta fita waje tana kiran ɗan kabu-kabu.

Sai da rana ta kusa faɗuwa ta kira. Inna Hajo ta sha na ƴan kwanaki, kuma da ƙyar ta saki kwalin, tana cewa shi ne abu na ƙarshe da ƴar'uwarta ta aiko mata. Daga baya an kai ta Damagaram an duba ta. Tana nan da ranta. Na ji an ce har yau ba ta son a ambaci sunana.

Ban koma Mahdiya da zama ba. Na ci gaba da aiki a gidan Hajja har ta rasu, sannan ɗanta ya miƙo mini katina ta tagar mota, na nemi motar gida. Kafin in bar Sabha na roƙi maginin nan ya nuna mini kabarin. Ya kai ni bakin katangar maƙabartar, ya tsaya yana dube-dube. An binne mutane da yawa tun lokacin, duk tudun iri ɗaya, kowanne da guntun bulo a kansa ba suna. Ya nuna wani, ya ce a'a, ya nuna na kusa da shi, sannan ya sauke hannunsa.

"Cikin layin nan ne dai, Mariama. Ki yi wa layin duka."

Na ɗaga hannu na yi wa layin duka.